Harafin G: daga gorar Argungu zuwa gubar dalma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shirin yau na harafin G ne, kuma duk abin da za mu tattauna yana nan tsakanin Kebbi da Zamfara. Wasu za mu taɓa su mu wuce, wasu kuwa dole mu zauna a kansu, domin rayukan yara ne a ciki.

Mu fara da gora. Wannan da kuke gani a kan ruwan Matan Fada ita ce gorar masuntan Argungu. Ƙaton duma ne ake bari ya ƙosa ya bushe, a huda masa baki a sama, a ƙwaƙule cikinsa. Aiki biyu take yi: masunci ya kifa cikinsa a kanta ta ɗauke shi bisa ruwa, hannuwansa na riƙe da homa, in ya kama kifi ya zura ta bakin. Gorar da ta tsage ko kaɗan ba a shiga ruwa da ita, don tana shan ruwa sai ta yi nauyi ta nutse. Bikin kamun kifin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Burin kowane masunci ranar shi ne giwan ruwa, kuma kifin da ya zo na ɗaya a 2020 kilo 78 ya yi.

Gwandu. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba jan ragamar daula a 1812, gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello, yamma ya ba ƙanensa Malam Abdullahi, har Nupe da Ilori suka zamo ƙarƙashin Gwandu. Inda ɗalibai ke yawan faɗuwa a jarrabawa shi ne nan: hubbaren Malam Abdullahi yana garin Gwandu, amma fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, tun farkon zamanin Turawa aka mayar da ita can.

Gero kuma, maganarsa ɗaya za mu yi, wato ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ba ya tsira sai ya ji saiwar gero ko dawa kusa da shi, sai ya manne mata yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga furen nan mai ruwan hoda, yawancin ɓarnar an riga an yi ta. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Don haka a tumɓuke shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona a ƙone. A ƙara taki, domin gonar da ta gaji ya fi so. Sannan a riƙa juya shuka: bana gero, baɗi waken suya ko auduga ko gyaɗa. Waɗannan suna sa irin ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu.

To ga mu a kan gyaɗa. Ita da auduga ne manyan kayan da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa daga Gusau bayan layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Amma abin da ya fi damunmu yau shi ne fumfuna. Akwai wata fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga gyaɗa ta bar wani dafi mai suna aflatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. Dafin nan hanta yake ci. A hankali yana kawo sankarar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, yana kuma da hannu a tsumburewar yara. Suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi. In an matse mai, mafi yawansa a cikin tunkuza yake zama, daga nan ya shiga ƙuli-ƙuli da yajin tsire.

Ta ina yake samun ƙofa? Fari a ƙarshen damina, fartanya da ta fasa kwanso wajen cira, da kuma danshi. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta ta daɗe a ƙasa. A kifa ta 'ya'yan suna kallon rana, in an tsinke a shanya a kan tamfol, ba a kan ƙasa tsirara ba. Ta bushe sai an girgiza an ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin kwanso, in an ciza ta karye ƙaras. Ɗabi'ar nan ta yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, a daina ta, gayyatar fumfuna ce. Buhu ya hau kan katako, kada ya jingina da bango. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a tsince a binne. Kada a ba kaji, kada a ba saniyar tatsa, don yana fita ta nono. Mai hali kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan dafi tun a gona, na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan: kilo 10 a kadada ɗaya, a watsa mako biyu zuwa uku kafin fure.

Gishiri. Dattawan Kamba sun san gishirin Foga da ake kawowa daga tsallaken iyaka, ta wajen Gaya ta Nijar. Na girki dai a nemi mai sinadarin aidin, shi ke hana maƙoƙo, a kuma rufe shi, don danshi da rana suna cinye sinadarin. Amma babban aikinsa yana wajen gudawa. Iyaye mata, a saurara da kyau. Gudawa ba ta kashe yaro sai ta hanyar ƙarar masa da ruwan jiki. In akwai ƙunshin ORS na kemis, wato haɗin gishiri da sukari, shi ya fi, a bi awon ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, ga haɗin: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ruwan leda biyu masu rabin lita, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. Sukarin ba don zaƙi ba ne, shi ke ja wa gishiri hanya ta bangon hanji, ruwa kuma ya bi su. In sukari ya yi yawa zawon ƙaruwa yake yi. In gishiri ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Kada a tsayar da nono. Haɗin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. In ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko an ga jini a kashi, asibiti kai tsaye.

Sai gubar dalma, wadda Zamfara ta sha ɗacinta. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, don amai da jijjiga iri ɗaya ne, amma magani ya ƙi ci. Ashe dutsen zinaren yankin cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, in yana da yunwa ko ƙarancin jini abin ya fi muni. Wanda ya tsira ma yana iya tashi da rauni a ƙwaƙwalwa har abada. Mai ciki kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta tana saukowa jini ta kai ga ɗan tayi.

Dalma ba ta ruɓewa, shara ba ta fitar da ita, sai ma ta tayar da ƙurar. Shi ya sa a ƙauyukan nan sai da aka kankare saman ƙasar gidaje kamar santimita biyar, aka kai rami aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Akwai maganin da ke janye dalma daga jini, likita ke ba da shi bayan gwaji, amma in yaro zai koma kan ƙasar nan aikin banza ne, don haka gida ake fara gyarawa.

'Yan uwa masu haƙar zinare, ba wanda ya ce ku bar neman halaliyarku. Dutse dai kada ya shigo gida ko guda. A yi niƙa da wanki nesa da gari, nesa da rijiya, a jiƙa dutsen kafin niƙa don ƙura ta kwanta. A yi wanka a sauya tufafi da takalma a wurin aiki, kada a rungumi yaro da kayan rami, kada uwargida ta haɗa wankinsu da na yara. Buhun da ya ɗauki dutse ba ya komawa na gero, ba a shimfiɗa wa yaro shi. Turmi da injin da suka taɓa dutse sun bar aikin abinci. Kwallin dutse ma da ake sa wa jarirai a ido, da yawansa dalma ce, a bar shi. Duk gidan da aka taɓa daka dutse a ciki, a kai yaran da ba su kai shekara biyar ba a gwada jininsu ko da ana ganinsu garau, domin dalma tana daɗewa tana ɓarna kafin alama ta fito.