Mu daina tambayar jariri kaɗai, mu tambayi uwar

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa, na san wasu daga aikin dare suka wuto nan ko gida basu leƙa ba, dan haka bazan ja ku da nisa ba. An ce in yi magana kan ciwon damuwa da ke kama mace bayan haihuwa, ni kuma wanda nake so mu tsaya a kai shine mai daɗewan nan, wanda yaro zai yi wata takwas, ya shekara, har ya fara tafiya amma uwar bata dawo daidai ba.

Kwana biyu zuwa uku da haihuwa yawancin mata, har kusan 8 cikin 10, sai kuka ya riƙa zuwa musu ba gaira ba dalili, saboda sinadaran estrogen da progesterone da suka hau sama lokacin ciki suna rikitowa ƙasa da zarar mabiyiya ta fita, ga rashin bacci ga ciwon jiki. Wannan cikin sati biyu yake wucewa da kansa. In aka haura sati biyu abin yana nan ko ma ƙaruwa yake, toh ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kai kusan 20. Ku duba yawan masu goyo a ɗakin nan ku yi lissafin da kanku. A 2020 an fitar da wani bincike a Amurka da ya bi mata kusan 5,000 na tsawon shekara 3 bayan haihuwa, aka samu kusan 1 cikin 4 ta shiga damuwa mai tsanani a wani lokaci cikin shekarun nan.

Mu kuwa ya muke yi? Satin farko gidan cike, waya bata hutawa, kowa barka barka, bayan wata ɗaya ɗif kamar anyi ruwa an ɗauke. In ma mun kira, ya ɗan bebi, ya fara zama, ya haƙori? Ita kuma ta ce lafiya lau alhamdulillah ta turo hoto a WhatsApp mu sa mata alamar zuciya. Bamu ga lokacin da ta shiga banɗaki ta kulle ƙofa ta buɗe famfo dan kar ta ji kukan yaron ba, ta zauna a ƙasa ita ma tana nata. Wata yaron yana bacci amma ita idonta biyu har asuba. Wata tsoron saukowa bene da shi take, dan kullum sai ta ga kamar zai suɓuce mata, sai ta daina fita gaba ɗaya. Wata kuma, wannan shi yafi cin rai, tana masa wanka tana ba shi nono komai akan lokaci amma bata jin komai a zuciyarta game da shi, kuma wa zata faɗawa? In ta kuskura ta buɗe baki abin da zata ji shine ke da Allah ya baki, wasu nema suke ido rufe, ai mu ma mun haihu. Dan Allah iyayena mu bar maganar nan. Ba rashin godiya ba ne, ba rashin tawakkali ba ne, kuma mace ce da jiya take da aikinta ko karatunta, yau ta wayi gari ita kaɗai da jariri tsakanin bango huɗu, mahaifiyarta tana wata ƙasa, miji yana aiki.

Magani akwai. Akwai takardar tambayoyi 10 da ake kira ma'aunin Edinburgh, tun 1987 ake amfani da ita, minti biyar an gama, ungozoma ko likita zasu iya baki, ki amsa gaskiya kar ki yi kara. Ki ce a duba miki jini ma, dan ƙarancin jini da matsalar thyroid, wato ƙwayar nan ta wuya da ke fitar da sinadaran jiki, suna kawo kasala mai kama da wannan. Akwai zama da mai ba da shawara, akwai ƙwayoyi irin su sertraline da likitoci ke ba masu shayarwa, sai dai yana ɗaukar makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya dan an ji dama-dama, da likita ake sauka a hankali. A 2023 Amurka ta amince da maganin zuranolone, na shan kwana 14 musamman dan wannan ciwon. A yi addu'a a sha magani, basa faɗa da juna.

Na san abin da ke hana da yawanmu magana a nan ƙasar waje, tsoron kar hukuma ta ƙwace yaro. Da wuya ƙwarai hakan ta faru dan uwa ta je da ƙafarta ta ce bata da lafiya, burin ma'aikatan shine ta warke da ɗanta a hannunta. Amma in mace ta fara jin muryoyi, ko surutai marasa kan gado, ko kwana da kwanaki ba bacci kuma ba gajiya, ko ta ce gara ta mutu kowa ya huta, wannan ba na jiran gobe ba ne, asibiti a take kuma kar a barta ita kaɗai. Wannan nau'in ciwon mai rikita hankali yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a makonnin farko.

Maza ga naku. Ka karɓi yaron ta samu awa huɗu ko biyar a jere tana bacci, ka raka ta wajen likita ka faɗi abin da kake gani, dan ita in ta shiga cewa zata yi ba komai. Ku ma ciwon damuwan nan kusan 1 cikin 10 yana kama ku, naga wasu na dariya a baya, wallahi da gaske nake.

Shugaba roƙona ɗaya, duk wacce ta haihu a cikinmu a haɗa ta da mata biyu da zasu riƙa leƙa ta har yaron ya shekara biyu, su je su riƙe yaron ta kwanta, ba su je ta tashi tana musu hidima ba. Takarda na wajen sakatare, mai iyawa ta sa sunanta da ranar da bata aiki kafin a tashi. Na gode.