Lacca: Yadda Ake Gane Fil ɗin Soket a Tsohon Fanel

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu gyara. Idan fil, wato siririyar ƙafar ƙarfe ta soket, ya karye a fanel (allon da aka dasa kayan lantarki a kai) na tsohon rediyo ko talabijin, kada a fara neman madadinsa da ido. A fara da awo.

Abin da ake aunawa shi ne tazara daga tsakiyar fil zuwa tsakiyar na kusa da shi. Tazarar da aka fi samu ita ce milimita 2.54, sai 2.5, 2.0 da 3.96. Tsakanin 2.54 da 2.5 ne ake yawan faɗawa rami, domin bambancin 0.04 ne kacal, ido ba ya kama shi. To, yaya za a yi? A auna daga fil na farko har na goma, a raba da tara. Idan aka samu 22.86, na 2.54 ne, irin soket samfurin KK na kamfanin Molex. Idan 22.5 ne, na 2.5 ne, irin samfurin XH na kamfanin JST. A soket mai fil biyu ko uku, na 2.54 da na 2.5 za su shiga juna, amma a dogon layi sai an danna da ƙarfi, ƙafafun su lanƙwashe, dalmar da ke ƙasa ta tsage bayan 'yan watanni.

Sai kauri. Fil na 2.54 galibi mai kusurwa huɗu ne, faɗinsa milimita 0.64, na 3.96 kuwa 1.14, kuma shi ake sawa a ɓangaren wuta. JST VH mai tazarar 3.96 yana ɗaukar wuta amfiya 10, XH 3, PH mai tazarar 2.0 kuma 2. Duk wanda ya sa siriri a gurbin mai kauri, zai tarar da robar ta yi baƙi ta narke.

A duba launi ma. Mai ruwan zinariya da zinariya ake haɗa shi, mai kuza da kuza. In aka gauraya, tsatsa na taruwa a mahaɗar, na'urar ta riƙa ɗaukewa tana dawowa.

Wajen cirewa, don Allah a tausaya wa fanel ɗin. Tsofaffin nan masu ruwan ƙasa ba sa jure zafi. A ƙara sabuwar dalma kan tsohuwar, a zuƙe ta cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, kada tagullar ta ɗago. Bayan an dasa sabon, a gwada kowane layi da mitar auna wuta kafin a ba shi wuta.