Kafin Ku Sayi Fom

(An rubuto wannan lacca daga sautin da aka naɗa a wani taron iyaye da malamai a Kano. Mai laccar tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya. An bar maganar yadda ta fito daga bakinta, sai ɗan abin da hayaniya ta cinye.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna ji na? To madalla. Shugaban taro, malamai, iyaye maza da iyaye mata, barkanmu da war haka. An ce in yi magana kan yadda ake shirya yara jarrabawar shiga makarantun kuɗi, an kuma ba ni minti arba'in. Abubuwa biyar na rubuto a takardar nan. In mun taɓa su duka, alhamdu lillahi. In ba mu taɓa ba ku yi haƙuri, wanda ya ba tsohuwar malama lasifika shi ya jawo. (Dariya.)

Na farko, ku san wace jarrabawa yaronku zai zauna, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda muke kira kwaman entirans, wadda hukumar NECO, mai hedikwata a Minna, take shiryawa don shiga kwalejojin haɗin kai na gwamnatin tarayya. Wannan takarda ɗaya ce ga duk ƙasa. Makarantar kuɗi kuwa kowacce ita ke tsara tata. Yawanci dai Turanci ne da lissafi, sai tambayoyin gwada basira, na kalmomi da na lambobi, waɗanda yaranmu ke ce wa babal da kwantitetif. Masu haɗa boko da addini su ƙara Larabci da karatun Alƙur'ani. Ranar da kuka je sayen fom ku tambaya: me za a yi, minti nawa, za a ba mu tsofaffin takardu? Ba roƙo ba ne, kuɗinku kuka biya. Kuma tsakaninmu da ku, ba kowace jarrabawa ce jarrabawa ba. Wata makarantar kujerunta kaɗan ne, masu nema sun yi yawa, dole ta tace. Wata kuwa kowa ci yake yi, har wanda bai zo ba. (Dariya.) Kuɗin fom take so. Kada ku hana yaro barci saboda irin wannan.

Na biyu, kuma a nan zan ɗan zauna. Fahimta. Fahimta, iyayena.

Za ka ga yaro ya ɗauki littafin Turanci ya karanta shafi guda tiryan-tiryan, ko gargada babu, uwa tana gefe tana murmushi, kuɗi sun yi amfani. Sai ka rufe littafin ka ce, to Abba, wa ya saci akuyar a labarin nan? Ya yi zuru. Ya dubi silin. Ya dubi uwar. Bai ma san akwai akuya a ciki ba. Bakinsa ya karanta, kansa bai je wurin ba. Mai jarrabawa kuwa akuyar yake tambaya, ba ruwansa da daɗin murya.

Mu mutanen hadda ne, ban kuma raina hadda ba, Allah ya tsare ni. Yaron da ya taso da allo, ƙwaƙwalwarsa ta saba riƙo, wannan ni'ima ce. Amma hadda na da muhallinta. Yaro ya haddace bakwai sau takwas hamsin da shida, ya rera shi kamar waƙa, lafiya lau. Sai takarda ta ce: mai shago ya sayo kiret uku na ƙwai, kowane kiret ƙwai talatin, a hanya huɗu suka fashe, saura nawa? Nan ake yin ta. Sai ka ga ya ɗauki uku da talatin da huɗu ya tara su wuri guda, ya rubuta 37, ya ajiye fensir yana jiran yabo. Wa zai ba ni amsa? Hajiya ta gaban nan? Tamanin da shida. Kun ga ko takarda ba ta ɗauka ba, don ta san ƙwai, ta san fashewarsa, ta san zafin asarar. (Dariya.)

To ina ake koyon wannan? A gida. A aike. Za ki aiki yaro shago, kada ki ba shi kuɗi cif-cif. Ba shi dubu ɗaya, ki faɗa masa abin da zai sayo, kuma kafin ya sa takalmi ki ce, canjin nawa za ka dawo min da shi? Bari ya tsaya ya yi tunani, ko da miya na jira. In kina rabon nama, ki ce tsoka goma sha biyu ce, ku huɗu ne, nawa-nawa? Wallahi a kan nama ba yaron da ke kuskuren rabawa. In an tauye shi tsoka ɗaya kafin ki rufe tukunya ya gano.

Sai babal ɗin nan da ke firgita iyaye. Mene ne shi? A ba yaro abubuwa a ce wanne ne bare a cikinsu, ko a ba shi siffa a ce ya nemo mai ita, ko a ce kaza da kaza me ya haɗa su. Mu ai da shi muka taso, sunansa ne kawai ba haka ba. Bari in gwada ku. Ƙulun ƙulufit!

(Jama'a: Gauta!)

Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya.

(Jama'a: Tsintsiya!)

Baba na ɗaka, gemu na waje.

(Jama'a: Hayaƙi!)

Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba. A'a, iyaye maza ku amsa wannan, kun yi shiru tun ɗazu. (Wata murya: Yunwa!) Yauwa, yunwa. Na san da ita kuka zo, an kusa. (Dariya.)

To ku duba aikin da ƙwaƙwalwar ɗan shekara shida ke yi kafin ya ce tsintsiya. An ce shanu, amma ya san ba shanu ake nufi ba. Sai ya riƙe abu biyu, yawa da ɗauri guda, ya bi gida a ransa yana neman abin da ya haɗa su. Wannan shi ne ainihin abin da waccan takardar ke aunawa. Kakanninmu a kan tabarma bayan sallar isha suke ba da wannan darasi, ba ko sisi. Yau mun daina, mun koma biyan malamin lesin ya zo ya koya masa shi a wata uku, cikin harshen da yaron bai gama ji ba. Haka tatsuniya. In kika gama ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, kada ki tsaya a ƙurunƙus. Ki ce, me ya sa Gizo ya yi ƙarya? Da kai ne ya za ka yi? Me ya faru kafin su je gidan sarki? Tambayoyin da ke ƙarƙashin labarin Turanci a jarrabawa ke nan, sak.

Na san abin da wata ke cewa a ranta: Malama, ai da Turanci za a yi jarrabawar, ke kina ta Hausa. Na ji. Bari in ba ku labarin abin da aka gwada a ƙasar nan tamu, ba a Turai ba. A 1970, a Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji. Suka ɗauki wasu yaran firamare aka koya musu darussa da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, a hannun wanda ya iya. Wasu yaran aka bar su a tsarin da aka saba, a fara da harshen gida sannan a juye zuwa Turanci. Da aka zo aunawa, 'yan Yarbancin ba su zama koma-baya a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi fice. Mutumin nan daga baya har ministan ilimi ya riƙe, daga 1990. Ba na ce ku hana yaro Turanci ba, a'a, ku rubuta wannan kada a je a ce na ce. Ya karanta Turanci kullum, ko shafi ɗaya ne, da ƙarfi, a gabanki. Amma in ya gama ki ce ya ba ki labarin da Hausa. In ya iya, ya fahimta. In bai iya ba, a sake. Ko ba ki yi boko ba za ki iya wannan, ke ce ma za ki fi kama shi, don ba zai ruɗe ki da lafazi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gidan da aka kafa doka ba a Hausa, alhali Turancin gidan bai wuce zo, tafi, zauna, yi shiru ba. Yaro ya tashi ba Hausa mai zurfi, ba Turanci mai zurfi. Da wane harshe zai yi tunani? Sai a miƙa masa waya a ce katun zai koya masa. Katun ba ya tambayarsa me ya sa. Ku iyaye maza, da ku nake. Hira da yaro ba aikin mata kaɗai ba ne. In kun ɗauko shi a babur ko a mota, ku sa shi ya karanta allunan shaguna, ya ƙirga fitilun hanya, ya faɗa muku me ya gani. Minti goma ne. Majalisa ba za ta gudu ba.

Na uku... ko na huɗu muke? Shugaba yana nuna min agogo. To a gurguje. Hannu. Makarantu da yawa takardar cike gurbi suke bayarwa, a zaɓi A ko B ko C a baƙanta da fensir HB. Na sha ganin yaro ya san amsa sarai, ya tsallake tambaya ɗaya, ya manta bai tsallake layinta ba, duk amsoshin ƙasa suka goce. Ku gwada masa a gida da agogo a gabansa, ya saba ɗora yatsa a kan lambar tambaya. Ya san in ta yi wuya a wuce ta a dawo.

Sai gajiya. Boko tun bakwai da rabi har biyu, islamiyya huɗu zuwa shida, malamin lesin bayan magariba, aikin gida bayan isha, Asabar da Lahadi tahfiz. Yaushe zai yi wasa? Yaushe zai yi barci? In jarrabawa ta matso a rage, ba a ƙara ba. Daren jarrabawa ya kwanta da wuri, da safe ya karya da abin da cikinsa ya saba da shi. Ƙananan nan kuma na nazare da ake kira intabiyu, sunansa za a tambaya, a nuna masa launi, a ga yadda yake riƙe fensir. In ya ƙi magana don ya ga baƙuwar fuska, don Allah kada a fito ana dungurinsa a bakin get. Na biyar ɗin, satar amsa ce, amma... na ga hannu. Bismillah, Alhaji.

(Mai tambaya: Malama, Allah ya saka da alheri. Ɗana yana aji huɗu, shekararsa tara. Makarantarsu sun ce ya isa ya zauna jarrabawar sakandare bana, sa'o'insa duk za su tafi, kuma ma ba su da aji shida. Mahaifiyarsa ta matsa. Ya zan yi?)

Mahaifiyar tana nan? Tana nan. To Hajiya, ba faɗa za mu yi ba. (Dariya.) Alhaji, ai ka taɓo inda ya fi na biyar ɗina muhimmanci, bari in bar waccan.

Tsarin ƙasar nan shekara shida ne a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Yaro ya shiga aji ɗaya yana da shida, ya fita yana wajen goma sha biyu. Aji shida bai ɓace don an gano ba shi da amfani ba. Iyaye ne suka riƙa cire yara daga aji biyar, har daga huɗu, makaranta ta ga kujeru ba kowa ta rufe ajin. Wadda ke da sashen sakandare kuma ta ga gara ta haye da su da wuri kafin wata ta ɗauke.

Mu yi lissafi tare, irin na ƙwai. Ya shiga yana da tara, a ƙara shida, ya gama yana da goma sha biyar. Kun tuna a 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai ɗan goma sha takwas zai shiga jami'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da shi goma sha shida. Ko a goma sha shidan, ɗanka bai kai ba. Shekarar da kuka ce kun ci, a gida zai zauna ya biya ta, a lokacin da zaman banza ya fi haɗari. Ko kuma a tafi kotu a yi rantsuwar ƙarin shekaru, yaro yana kallo ubansa na ƙarya a takarda.

Kuma cin jarrabawa daban, zaman aji daban. Zai iya ci, ban musa ba, musamman in an yi masa lesin. Amma lissafin aji biyar da shida, su kaso cikin ɗari da ɓangarori, a kansu ake ɗora na sakandare, malamin can kuma ba zai koma baya dominsa ba. In makarantar kwana ce, ɗan shekara tara ne zai wanke kayansa, ya tsare sabulunsa, ya zauna da 'yan goma sha bakwai. Alhaji, yanzu a gida wa ke nemo masa safa da safe? (Dariya.) To ka ji.

Shawarata, bana kada ku sayi fom. Ya yi aji biyar. In makarantarsu ba ta da aji shida, ku nemi mai shi ko da ba ta kai ta suna ba, ai shekara ɗaya ce. In kuma Hajiya ba ta gamsu ba, ga gwaji: ku samo littafin Turanci na aji shida, ya karanta labari ɗaya da bai taɓa gani ba, ya ba ku shi da Hausa, ku yi masa me ya sa guda uku. Hajiya, ke za ki yi tambayoyin da kanki, kada Alhaji ya ce na haɗa baki da shi. An kira la'asar ko? To Shugaba, ga lasifikarku. Mai sauran tambaya ta same ni a ofishin hedimasta bayan salla.