Fuskanci Haske Kafin Ka Fara Ɗauka

Assalamu alaikum. Ga misalin wani bidiyo da aka ɗauka da waya. Wata mai ɗinki ce daga wani ƙauye a Ringim, tana nuna rigar da ta gama, amma ƙofa tana bayanta. Me kake gani? Duhu kawai, ba fuska, ba launin atamfa. To ga ta nan ta juyo ta fuskanci ƙofar, sai fuska da launin atamfa suka fito. Wayar ita ce dai, ɗakin ma shi ne, ko sisi ba ta kashe ba.

Kyamarar waya idan ta hangi haske mai ƙarfi a bayanka sai ta tsuke ido, fuskarka ta dushe. Saboda haka hasken ya zama a gabanka, ɗan gefe kaɗan. Sannan ka taɓa fuskarka a jikin allon wayar, don ta auna hasken daga nan.

Ɗakunanmu na ƙasa tagarsu ƙarama ce, kar ka dogara da ita. Zauna daga ciki kusa da bakin ƙofa, ko a zaure, ko ƙarƙashin rumfa. Ni dai ban ga fitilar da ta kai bakin ƙofa ba da hantsi. Inuwar darbejiya kuwa akwai daɗin zama, amma rana tana ratsowa ta ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare.

Da tsakar rana a bar ɗauka a fili. Rana tana bisa kai, idanu su faɗa rami, ga gumi. A bari sai bayan La'asar. Lokacin hunturu hazo yana tausasa hasken rana, sai dai a riƙa goge ƙura daga gilashin kyamara.

Idan gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, ƙaninka ya riƙe farin mayafi ko farin buhu a wannan gefen. Zai maido da hasken.

Da dare fa? Fitilar caji ko ta sola ta isa. Ɗaga ta sama da ido kaɗan. In ka ajiye ta a ƙasa za ka fito kamar dodon tatsuniya. Rufa mata siririn farin ƙyalle don hasken ya yi laushi, amma wadda ba ta zafi kaɗai, ban da ƙwan lantarki mai ƙuna, ban da fitilar kananzir. Kuma kar a haɗa ƙwai mai ruwan ɗorawa da fari, launin fata zai rikice.

Wani lokaci za ka ga hoto yana ƙyaftawa in an kunna ƙwan lantarki. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka in wayarka ta yarda, saita ɗauka a hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. In babu wannan zaɓin, kashe ƙwan ka koma fitilar caji.