Lestat na waye, na Anne Rice ko na masu karatu?

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Bilkisu ce, tare da ni akwai Nasiru da Hauwa. Yau Amurka za mu leƙa, birnin New Orleans, kan jerin littattafan Anne Rice na masu shan jini, The Vampire Chronicles. Littafi 13 ne, daga 1976 zuwa 2018. Abin da ya kawo mu shi ne zaman da aka yi tsakanin matar nan da masu karanta ta, don zama ne na ƙauna da faɗa.

Nasiru: Anti Bilki, kafin mu kai ga faɗan, a gaya wa wanda bai sani ba irin littafin. Salon da ake kira gotik ne, wanda ya samo asali a Ingila tun 1764: tsofaffin gidaje, makabarta, duhun dare, da mutum mai ɗauke da laifin da ya hana shi barci. Mai shan jini kuwa, tun Dracula na 1897, dodo ne da ake farauta. Ana tsoronsa, ana bin sa da tsinin itace, a kashe shi kowa ya huta.

Hauwa: Ita kuma sai ta miƙa wa dodon makirufo.

Nasiru: Ƙwarai. A littafin farko na 1976, Interview with the Vampire, Louis ne zaune a wani ɗaki a San Francisco, wani matashin ɗan jarida yana naɗar muryarsa. Yana ba da labarin yadda Lestat ya mayar da shi mai shan jini a 1791, lokacin yana mai gonar bayi a Louisiana. Kusan shekara ɗari biyu yana yawo da tambaya ɗaya: in dole sai na kashe kafin in rayu, ni mene ne, kuma wa zai hukunta ni?

Hauwa: Ni Claudia ce ta riƙe ni, Yaya Nasir. Yarinya 'yar shekara biyar, suka mayar da ita irinsu. Hankalinta ya ci gaba da girma, ta zama cikakkiyar mace a tunani, amma jikin ya tsaya cak. Shekara sittin da wani abu ana ɗaura mata kayan yara, ana saya mata 'yar tsana. Duk wanda ya karanta wurin da ta tambaye su wanne ne a cikinsu ya yi mata haka, ba zai manta ba.

Bilkisu: Kin san kuwa daga ina ta fito? Anne Rice tana da 'ya, Michele, wadda sankarar jini ta kashe a 1972, saura kaɗan ta cika shekara shida. A shekarar da ta biyo baya uwar ta zauna ta rubuta littafin cikin 'yan makonni. Uwa ta rasa 'yarta ga ciwon jini, sai ta ƙirƙiri yarinyar da ba ta mutuwa, tana rayuwa da jini.

Hauwa: Allah sarki. Kuma duk da haka sai da ta kashe ta a Faris, aka bar ta rana ta ƙone ta.

Bilkisu: Sai da ta kashe ta. Shi ya sa nake cewa masu karatun farko makoki suka tarar a littafin, kuma da yawa sun zo da nasu. Masu suka a jaridu ba duka suka yi maraba da shi ba a 1976, wasu sun ce ya cika kuka da ado. Baki da baki ya yaɗu, wannan ya ara wa wancan.

Nasiru: To daga nan ne aka rabu gida biyu. A 1985 ta fitar da The Vampire Lestat. Mugun littafin farko sai ga shi ya karɓi alƙalami yana cewa Louis bai fahimce shi ba. Ɗan wani basarake ne da arziki ya ƙare masa a yankin Auvergne na Faransa, ya kashe kyarketai takwas shi kaɗai, ya gudu Faris yin wasan daɓe. A ƙarshe ma ya tashi daga barci a 1984 ya zama mawaƙin da matasa ke cika fili don su gan shi. Tun daga ranar akwai 'yan Louis, akwai 'yan Lestat.

Hauwa: Kai kana ina?

Nasiru: Ina wajen Louis, ba ɓoye-ɓoye. Shi ne yake jin nauyin ran da ya ɗauka. Lestat yana da daɗin sauraro, amma mutum ne da ya yafe wa kansa tun kafin ya yi laifin.

Hauwa: A'a Yaya, ban yarda ba. Louis yana kuka ne kawai, amma kisan bai fasa ba. Kuma mu tuna, mai bayi ne tun yana mutum, littafin bai tsaya ya tuhume shi a kan haka yadda ya kamata ba. Masu karatu baƙar fata a Amurka sun daɗe suna faɗin wannan. Da tashar AMC ta mayar da labarin shiri mai dogon zango a 2022, sai suka ɗauko Jacob Anderson, suka mai da Louis baƙar fata a New Orleans ta 1910. Wasu tsofaffin masoya suka yi ta ƙorafi an taɓa musu littafi, wasu suka ce yanzu ne labarin ya fuskanci abin da ya kauce wa.

Nasiru: Wannan kam na ba ki. Kuma shirin ya fito fili da alaƙar Louis da Lestat a matsayin masoya, abin da masu karatu da dama a can suka daɗe suna gani a tsakanin layuka. Mu faɗa wa masu sauraronmu ƙarara, littattafan nan ba na yara ba ne, kuma akwai abubuwa da yawa a ciki da suka saɓa wa tarbiyyarmu.

Bilkisu: Haka ne. Amma ku dubi girman son da aka yi mata a lokacin. A 1988, shekarar da littafi na uku, The Queen of the Damned, ya fito, aka kafa ƙungiyar masoya Lestat a New Orleans, suna yin gagarumin biki duk ƙarshen Oktoba, kowa ya sha baƙaƙen kaya. Mutane na tsayawa a ƙofar gidanta a unguwar Garden District ko za su hango ta. Ita ma ba ta guje su ba. A 1995 cikin akwatin gawa aka ɗauko ta zuwa wajen sa hannu a littafi. Da aka ce Tom Cruise zai fito a Lestat a fim ɗin littafin farko na 1994, ita da masoyanta baki ɗaya suka yi, suka ce bai dace ba. Da ta kalli fim ɗin sai ta sayi shafi a jarida ta yabe shi.

Hauwa: To ina aka samu matsala?

Bilkisu: Memnoch the Devil, 1995. A nan ne Shaiɗan ya ɗauki Lestat ya zaga da shi sama da ƙasa yana ba shi nasa ɓangaren labarin halitta. Shafi bayan shafi muhawarar tauhidin Kirista ce. Wanda ya zo neman Louis da Armand, wani tauraron jerin, da titunan dare sai ya tarar da wa'azi. Masu addini kuma wasu wuraren suka yi musu nauyi ƙwarai.

Nasiru: Ni ma a nan na ajiye, gaskiya. Ga Musulmi akwai shafukan da zuciya ba za ta ɗauka ba.

Bilkisu: Ba zan ce ka koma ba. Amma ka lura da abin da ke faruwa da ita. Ta tashi cikin ɗariƙar Katolika, ta bar addini tana budurwa, littafin farko rubutun wadda ba ta yi imani ba ne. Memnoch kuwa rubutun wadda ke kan hanyar komawa ne, kuma a 1998 ta koma coci. Masu karatu sun ƙaunace ta tana cikin tambaya. Da ta fara samun amsa sai suka ji an bar su a baya.

Hauwa: Sai kuma batun hana rubutu. Wannan ne ya fi ƙona min rai, Anti.

Bilkisu: Faɗa musu.

Hauwa: Masoya sukan ɗauki taurarin littafin da suke so su ƙirƙira musu sababbin labarai, su saka a intanet kyauta, ba don kuɗi ba. Wajen shekarar 2000 ta fito ta ce ta haramta a yi haka da nata. Lauyoyinta suka riƙa aika wasiƙun gargaɗi, shafin FanFiction.Net ya cire duk labaran da suka shafi littattafanta. Mutanen da suka fi kowa sayen littafinta su ne suka koma ɓoye rubutunsu. Har yau tsofaffin marubutan intanet in sun tashi bayanin dalilin da ya sa ake rubuta "taurarin nan ba nawa ba ne" a saman labari, sunanta na cikin waɗanda suke fara ambata.

Nasiru: Amma Hauwa, haƙƙinta ne. Kuma ta sha faɗin cewa mijinta, mawallafin waƙoƙi Stan Rice, shi ta kalla ta zana Lestat. Claudia 'yarta, Lestat mijinta. Wani can da ba ta sani ba ya ɗauke su yana juya su yadda ya ga dama, wa zai ji daɗi?

Hauwa: Na ji. Amma littafi kamar 'ya ce da aka kai ɗakin miji. Kai ka haife ta, ba mai musu, sai dai ba za ka bi ta kana tsara mata da wa za ta gaisa ba. Ranar da ta sayar da littafin, ranar Lestat ya shiga kawunan mutane, kuma abin da ke kan mutum ba lauya ne zai ciro shi ba.

Bilkisu: Ku riƙe wannan, don 2004 ne abin ya fashe. Stan ya rasu a Disambar 2002. A 2003 ta fitar da Blood Canticle, ta ce shi ne na ƙarshe. Littafin ya buɗe da Lestat yana cewa waliyyi yake son zama, kuma yana yi wa masu karatu faɗa kai tsaye don ba su so Memnoch ba. Maganarsa ta koma irin ta 'yan zamani, ta kuma cusa dangin Mayfair na wani jerin nata cikin labarin. Sai sukar littafin ta yi ta zuba a shafin Amazon. Wasu suka ce ba ita ta rubuta ba, wasu suka ce ta rasa mai gyara mata rubutu.

Nasiru: Ita kuma ta sauko filin da kanta.

Bilkisu: Ta sauko. A Satumbar 2004 ta rubuta doguwar amsa a shafin. Ta ce ta inda bai dace ba suke karanta littafin, ta ce ba za ta bar wani edita ya taɓa mata jimla ba, ta saka adireshinta ta ce duk wanda bai so ba ya dawo da shi ta mayar masa da kuɗinsa. Aka yi ta yi mata dariya shekara da shekaru. Ni kuwa duk lokacin da na tuna, bazawara nake gani wadda ta sadaukar da littafi ga mijin da ta binne, aka ce mata aikin banza ne. Ban ce ta kyauta ba. Amma masu sukar ma akwai waɗanda suka bar littafi suka koma kan lafiyarta da hankalinta, wannan kuma rashin tausayi ne.

Hauwa: Anti, abin nan fa muna ganinsa a gida. Marubutanmu masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da an kashe wata tauraruwa ko an aurar da ita ga wanda ba a so, sai zaure ya kama da wuta. Wata marubuciyar ta canza ƙarshen don a bar ta ta huta, wata ta rufe zauren gaba ɗaya.

Nasiru: Bambancin shi ne su kullum suna jin masu karatu tun labarin bai ƙare ba. Anne Rice ta shekara fiye da ashirin wasiƙun yabo take samu da dogon layin masoya. Intanet ce ta fara kawo mata muryar wanda ya saya ya ji haushi, ba tacewa.

Bilkisu: Abin da ya burge ni, ba ta gudu daga intanet ɗin ba. Ta koma rubuta littattafan addini daga 2005, sannan a 2010 ta sanar a Facebook cewa ta bar Kiristanci na coci duk da ba ta bar imaninta ba. A shafin nan ta zauna kullum tana hira da mabiyanta, tana amsa musu, tana tambayar ra'ayinsu. Batun hana rubutun ma daga baya ta sassauta. Da Prince Lestat ya fito a 2014, bayan shekara 11, da yawa daga waɗanda suka yi fushi suka dawo.

Hauwa: Sai ta kai su Atlantis, birnin almara da aka ce teku ya haɗiye, a 2016, ta ce asalin masu shan jini na da alaƙa da halittun wata duniya, aka sake rabuwa!

Nasiru: Har ta rasu a Disambar 2021 tana da shekara 80, ba ta yarda masu karatu su tsara mata abin da za ta rubuta ba. A wannan kam ina girmama ta, ko da rabin jerin bai yi min ba.

Bilkisu: To wanda zai fara, daga ina?

Nasiru: Na 1976, ya tsaya nan in ya so. Cikakken littafi ne shi kaɗai.

Hauwa: Ni na ce uku na farko. In bai ji daga bakin Lestat ba, rabin shari'a ya saurara. Kuma a na uku ne zai ji cikakken labarin Akasha, sarauniyar Masar, wadda marigayiya Aaliyah ta fito a matsayinta a fim ɗin 2002.

Bilkisu: Masu sauraro, ku aiko mana da naku, musamman marubutanmu na intanet: an taɓa matsa muku kun canza ƙarshen labari? Za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba. Nasiru, Hauwa, na gode. Sai mun sake haɗuwa.

Hauwa: Mun gode, Anti.

Nasiru: A huta lafiya.