Kafin ka biya kuɗin injin Beljiyam

Assalamu alaikum jama'a. Injin motarka ya buga, bakanike ya ce gyara ba zai yi ba, sai dai a sauke a ɗora wani. Gobe da safe za ku nufi kasuwar Fanteka ko Ori-Apata a Kaduna. To, saurara kafin ka taɓa aljihunka.

Injin da ke ajiye a ƙasa kan tsohuwar taya ba ya magana. Ba za ka ji ƙararsa ba, ba za ka ga hayaƙinsa ba. Abin da za ka gani shi ne ƙyalli, kuma ƙyalli shi ne abu mafi arha a kasuwar nan: fetur, buroshi da ruwan famfo sun isa. Akwai injin da aka ciro daga motar da ta yi hatsari a Turai ko Amurka, akwai kuma wanda ya gama wahala a nan gida, aka wanke shi aka jera a layin 'yan Beljiyam. Ni kam injin da ya zo da ƙurarsa ya fi kwanta mini a rai, domin idan yana yoyon mai, tabon zai nuna.

Fara da lamba. A jikin bulo akwai wurin da aka buga sunan injin da lambarsa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai lita 1.8 tana ɗauke da 1ZZ. Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2009 kuma 2AZ ce, lita 2.4. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne, zai hau". Zai iya hawa, amma soket ɗin wayoyi ya ƙi haɗuwa da burenbos ɗinka, wato kwamfutar motar, a koma yanke-yanken waya. Ɗauki hoton tsohon injinka a waya, ka gwada soket da soket. Idan kuma ka ga an goge lambar da giranda, bar wajen, kada ka sayo wa kanka maganar 'yan sanda.

Yanzu buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka haska da tocilan. Ƙarfen ciki ya kamata ya zama ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske. Idan ka ga baƙin dasƙare ya manne, mai motar bai damu da juyen mai ba, kuma hanyoyin mai na ciki ma haka suke. Idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri a bayan murfin, akwai alamar ruwa ya haɗu da mai, wato gasket ya ƙone ko kan silinda ya tsage.

Daga nan a kwance fulogi duka, a jera su yadda suka fito. A nan nake so ka daɗe. Fulogi mai lafiya bakinsa busasshe ne, launin toka ko ƙasa-ƙasa, kuma duka huɗun su yi kama da juna. Wanda ya fito jiƙe da baƙin mai, wannan silindar tana shan mai, ringi ko sil ɗin bawul ya gaji. Wanda ya fito fes, ya fi 'yan'uwansa tsabta, kada ka yi murna: tururin ruwa ne ya wanke shi. Tsatsa a baki kuwa na nufin ruwa ya kwana a ciki. Idan duka sababbi ne fil, ka tambayi dalili.

Tun fulogin na waje, bakanike ya sa sifana a fulin karanshaf ya juya. Ya tafi sumul, babu cijewa, babu ƙarar ƙarfe. A mayar da fulogi a sake juyawa. A inji mai silinda huɗu, cikin zagaye biyu hannu zai ji tauri sau huɗu, kuma taurin ya zama kusan ɗaya. Wanda ya wuce salin-alin, silindar ba ta riƙe iska. Idan akwai agogon gwada kwamfireshan, ya fi. Bambancin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Sai kaskon mai na ƙasa. Wasu 'yan kasuwa ba sa son a buɗe, amma mai kaya mai kyau ba ya jin tsoro. Shafa ƙasan kaskon da yatsa ka duba a rana. Ɓurɓushin ƙarfe mai walƙiya na nufin metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya fara cinyewa, kuma abin da ya kashe tsohon injinka ke nan ka sake saye da kuɗinka. Duba kawunan kusoshi ma. Sawun sifana da jan gam da ya tsattsafo ta gefe shaida ce an taɓa buɗe injin.

Wata magana a tsakaninmu: ka biya bakanikenka kuɗin rakiya da kanka, ka biya shi da kyau. Wanda ke jiran la'ada daga mai shago, idonsa ba zai ga aibu ba.

Kafin kuɗi su bar hannunka, a rubuta rasit da lambar injin, sunan shago da kwanakin gwaji da kuka daidaita, da abin da za a yi idan bai yi ba: canji ko mayar da kuɗi. "Alhaji, ba matsala, ka dawo da shi" ba rubutu ba ne. Ka sa alamar fenti a bulo da kan silinda, don kada a musanya maka.

Ranar ɗorawa, sabon mai, sabuwar matatar mai, kuma idan injin mai bel ɗin tayimin ne irin na Peugeot 406, a canza bel ɗin tun yana ƙasa. A wanke lagireto, a tabbatar fanka na tashi, kada a cire tamostat. Ka tayar da shi da sanyin safiya ka tsaya bayan salansa: hayaƙi shuɗi mai ne, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa ruwa ne. Sannan ka hau hanyar Zariya ka ba shi wuta, ka dawo ka shiga cunkoson Ahmadu Bello Way da rana tsaka, idonka na kan allurar zafi. Washegari kafin ka kunna, zaro sandar mai ka duba, ka leƙa ruwan lagireto, tun kwanakin gwajinka ba su ƙare ba.