Sharhi: Lupus na jarirai, da abin da ya sa ba a jira ciki ya tsufa kafin a fara awo

Jama'a masu sauraronmu a Jos da kewaye, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Sharhinmu na yau kan wata lalura ce da ba kasafai ake cin karo da ita ba, wadda likitoci ke kira lupus na jarirai. Ba ɗaukarta ake yi ba, ba sammu ba ce, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta sha ba. Asalinta a jinin uwa yake. Garkuwar jikin wasu mata takan samar da sinadarai biyu, anti-Ro da anti-La, waɗanda maimakon su yaƙi cuta sai su juya kan jikin mutum. Idan irin wannan mace ta samu ciki, sinadaran kan ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi. Wasu iyayen dama an san suna da ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke kai wa fata, gaɓoɓi da sauran sassan jiki hari, ko ciwon Sjögren mai busar da ido da baki. Amma da yawa lafiyarsu ƙalau, sai abin ya bayyana a jikin jariri sannan a auna jininsu a gano.

Kada hankalin kowa ya tashi. Cikin mata 100 masu wannan sinadari, 1 ko 2 ne kawai abin kan taɓa zuciyar 'ya'yansu.

Mu fara da abin da ido ke gani. Bayan suna, galibi kafin a yi arba'in ko jim kaɗan bayansa, sai wasu tabo masu zagaye kamar zobe su fito wa jariri a fatar kai, a goshi, musamman kewayen idanu. A jikin yaro mai hasken fata jajaye ne, a baƙar fata kuwa sukan yi duhu ko su yi fari-fari. Nan take kaka za ta ce makero ne, maƙwabciya ta ce ƙyasbi ne, a aika kemis a sayo man shafawa mai haɗin magunguna uku a dinga lafta wa jinjiri. Waɗannan mayukan suna da ƙarfi, suna sirantar da fatar jariri, kuma ba su ne maganin ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan Filato. Saboda sanyin garin nan, daga Bukuru har Unguwar Rogo, al'adarmu ce a fito da jariri hantsi ya sha rana, wasu kuma don shawara suke yi. To hasken rana shi ne babban abin da ke tayar da waɗannan ƙuraje, ga shi Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, inda hasken ya fi kaifi ko da jiki bai ji zafi ba. Jaririn da ke da irin wannan tabo inuwa yake so, da hula, da tufa mai rufe jiki. Da zarar sinadaran uwa sun ƙare a jininsa, wajen wata 6 zuwa 8, ƙurajen kan baje da kansu. Haka matsalar hanta ko ƙarancin jini da kan biyo baya a wasu yaran, yawanci sukan wuce. Nono kuwa a ci gaba da ba shi, babu dalilin yaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne zuciya. Tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa na zuciya akwai wata 'yar hanya da saƙon bugu ke bi, tamkar wayar lantarki. Sinadaran uwa kan kumbura wannan wuri, ya yi tabo, saƙo ya daina wucewa. Zuciyar ɗan tayi da ya kamata ta buga sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya sai ta koma wajen 50 zuwa 70. Idan toshewar ta cika, ba ta komawa, ko da sinadaran sun bar jikin yaro. Kusan 1 cikin 5 na irin waɗannan yara ba sa rayuwa, wasu tun a ciki, wasu a watannin farko. Wajen kashi 2 cikin 3 na waɗanda aka haifa da rai sukan buƙaci a dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya, kuma da ita sukan girma, su yi makaranta, su yi aure.

Yaushe wannan ɓarna ke faruwa? Mafi yawa tsakanin mako na 18 da na 24, wato wata na biyar zuwa na shida. Nan ne maganata take. A daidai wannan lokaci mata da dama a unguwanninmu ba su ma yanki katin awo ba. Wata kunya ce ta hana ta, ciki na fari ba a faɗa. Wata tana jiran maigida ya samu kuɗi. Wata kuma ta ce ai haihuwa ta shida ce, ta san hanya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara awo cikin makonni 12 na farko, a kuma je aƙalla sau 8. A ganina, maigidan da ke cewa a bari ciki ya fito tukuna ba tattali yake yi ba, lokacin da za a iya sa ido ne yake zubarwa.

Ku ma malaman awo, musamman a ƙananan asibitoci: idan kun saurari ciki kuka ji bugu a hankali, kada ku ɗauka na uwa ne kuka kama. Ku taɓa hannunta ku gwada. In sun bambanta, a tura ta babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a ɗauki hoton zuciyar ɗan tayi, a auna jinin uwa. Gane dalilin jinkirin bugun kan hana a yi gaggawar fiɗa a ciro ɗan da bai isa ba, bisa zaton wahala ya shiga.

Sai uwar da ta taɓa haifar jariri mai wannan toshewa. Haɗarin maimaituwa a ciki na gaba yakan haura zuwa kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ita da wadda ɗanta ya yi ƙurajen kawai, kada su jira ɓatan wata, su ga likita tun kafin su sake ɗaukar ciki. Akwai magani mai suna hydroxychloroquine, dangin kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi, wanda bincike ya nuna yana rage maimaituwar da kusan rabi idan aka fara shi kafin mako na 10. Likita ne zai rubuta shi ya kuma bibiya, ba mai kemis ba. Mace mai lupus da dama take shansa kuma, kada ta ajiye shi don ta ga ciki ya shiga, sai ta tambayi likitanta.